Takabata Ta Yi Musu Rana

Hayyus Sabi', Alƙahira.

Zuwa ga maigidana, Di'o.

Assalamu alaikum. Har na ɗauko rubuta ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, sai na tuna inda kake, na kuma tuna mu ɗin ma ba lafiyar muke ba. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko lokacin da kake da rai ma, sai ta yi mako a kan teburinka kafin wani ɗan jam'iyya ya buɗe ta ya taƙaita maka abin da ke ciki. To yau babu mai taƙaitawa. Zan faɗi maganata har ƙarshe, kai kuma ba ka da taron da za ka ce ana jiranka.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Na fara da wannan don kada ka ce fushi ya mantar da ni addu'a. Ina yi maka ita bayan kowace salla. Amma ina fushi da kai, kuma ban ga malamin da ya hana a haɗa biyun ba.

Ga abin da ake ciki. Jam'iyyarka tana son Haruna. Za a yi zaɓen cike gurbin kujerar da ka bari a majalisar jiharku, ƙaninka Salim kuma ya ce ɗanka ne zai tsaya. Haruna ya ce ba zai taka ko'ina ba sai da yardata. Ka ga inda kuka ajiye ni ke nan. Kai ka mutu, su sun buga fosta, ni aka bar wa cewa e ko a'a.

Ka tuna wanda ya sa maka Di'o? Baba ne. Lokacin kana ɗalibi a unguwar Abbasiyya a nan Alƙahira, kana hawan da ke samanmu, ka zo daga Indiya koyon Larabci da jaka ɗaya da tukunyar shinkafa, kullum kana saukowa ya gyara maka nahawu. Shi daga Gusau ya zo karatu bai koma ba, ya zauna yana koyarwa, ni kuma aka kawo ni ina 'yar shekara goma. Da ka koma gida ka zauna babbar jarrabawar nan ta shiga aikin gwamnati, wadda ka ce mutane kan yi furfura suna maimaita ta, ka ci, sai ga ka ka dawo neman aurena. Ka yi ta yi wa Baba bayani cewa wata rana gunduma guda za a damƙa maka, haraji da ruwan noma da rikicin gona duk a hannunka. Baba ya gama saurare ya ce ai wannan shi ne Di'o, sun gan su a zamanin Turawa. Sunan ya bi ka. Ni kuwa ya yi mini daɗi, don na samu abin kiranka ba tare da na kama sunanka ba.

Ƙawayena sun yi ta tsokanata, wai zan tafi inda ake rawa a kan duwatsu ana waƙa a cikin ruwan sama. Ban ga rawa ba. Abin da na gani shi ne gidan gwamnati mai tsohuwar fanka, da farar mota mai labule, da layin mutane tun daga ƙofar ofishinka har bakin titi, kowa da kokensa. A nan na san wanda na aura. Na ga ka bar kujera ka zauna a ƙasa don tsohuwar da ta kawo ƙara ba ta iya ɗaga kai ta kalle ka. Na ga ka naɗe wando a shekarar ambaliya ka shiga ruwa har ƙugu, ka dawo da zazzaɓin da ya kwantar da kai. Na yi alfahari da kai a wannan zamanin, alfahari mai yawa, kuma ban taɓa gaya maka ba. Mu ba a koya mana faɗin irin wannan ba, kai kuma ba ka tambaya ba.

Sai maganar yashi. Ka tare manyan motocin da ke kwashe yashin kogi ba bisa ƙa'ida ba, har rijiyoyin ƙauyuka suka fara ƙafewa. Ashe motocin na surukin wani minista ne. Ba a rufa mako ba takardar canjin wurin aiki ta iso. Daga nan muka zama 'yan tashi. Duk inda ka taka wa wani babba ƙafa, ni ce mai ɗaure tukwane. Turmin da Inna ta ba ni ya zaga jiharku fiye da wasu 'yan asalinta. Ban taɓa yin ƙorafi ba. Kowane tashi ina ɗaure kaya ina jin kaina a sama, don na san dalilin da ya sa aka tashe mu.

Ba wai na ji daɗin mutanenku duka ba. Yara sun sha bin ni a kasuwa suna leƙen fuskata. A walimar matan manyan ma'aikata wata ta taɓa tambayata ko ni ce mai rainon Haruna, alhali yaron yana riƙe da gefen mayafina yana ce mini Umma. Abin dariyar, kai ma ba wani fari ba ne, da kaɗan ka fi ni haske. Amma a lokacin kana tsaya mini. Ka kama hannuna a gaban matar nan ka gaya mata ko ni wace ce, ta rasa inda za ta sa kanta. Mahaifiyarka ma, Allah Ya jiƙanta, da ta ƙi cin abincin hannuna a farko, daga baya ba ta yarda kowa ya yi mata tausa sai ni. Na koyi Urdu, na koyi girkinku, na zauna. Me kuma ya rage ban yi ba?

Da suka gaji da tashinka, sai suka kai ka wani ofishi na tsofaffin takardu inda babu aikin yi sai kaɗe ƙura. A nan ka fara cewa alƙalami naka ne amma hannun da ke juya shi na 'yan siyasa ne, don haka gara ka koma inda hannun yake. Na ce maka kada ka yi. Ka ce ba na gane ƙasar. Ka ajiye aiki, jam'iyya ta zo da ganguna da furanni ta ɗauke ka. Ba a yi shekara ba na kunna talabijin na gan ka a kan dandamali kana rataya wa mai motocin yashin nan furanni a wuya, don shi ma ya shigo jam'iyyar. Kana murmushi, Di'o. Na tsaya da ludayi a hannu ina kallon haƙoranka, miya tana ƙonewa a bayana.

Sai aka zo kaina. Ana dab da zaɓenka na farko abokan hamayya suka fara yaɗa cewa matarka baƙuwa ce, baƙar fata daga Afirka, ba a san asalinta ba. Manyan jam'iyya suka ce a ɗan kawar da ni daga idon jama'a. Kai ba haka ka faɗa mini ba. Cewa ka yi Baba ya tsufa, ba shi da lafiya, ya kamata in je Alƙahira in yi jinyarsa wata uku, in tafi da Haruna ya ga kakansa. Baba kuwa ba shi da lafiyar da gaske. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har gobe. Da ƙarya zalla ka yi mini, da na samu abin kamawa. Amma ka ɗauki ciwon ubana ka lulluɓe buƙatar jam'iyyarka da shi, ta yadda idan na ƙi tafiya ni ce marar kirki. Tun a filin jirgi na gane. Na yi shiru don ina jira in ga ko za ka faɗa da bakinka, ba ka faɗa ba.

Baba ya rasu shekarar da ta biyo, muka binne shi a nan. Wata ukun nan ya zama shekara goma sha ɗaya. Kana zuwa sau biyu a shekara da wayoyi biyu da kwalbar yajin mangwaro, mai gadin benenmu yana rawar jiki yana kiranka basha kamar wani basarake, ka ci ful, dafaffen waken nan na Masar, da safe ka yaba, ka kwana shida ko bakwai rabin hankalinka yana can, ka tafi. Kada ka ɗauka Alƙahira aljanna ce. A nan ma samari kan jefo mini kalma a ƙaramar motar haya a kan launina, in na juyo a ce ma'alish, wai in yi haƙuri. Amma a nan ba wanda ya taɓa cewa babu ni. Mai burodi ya san sunana, matan unguwar Ardul Liwa, Hausawan Sudan ɗin nan, ba sa biki ko suna ba su aiko mini ba.

Bari in gaya maka wani abu da ban taɓa faɗa ba. A zaɓenka na biyu addu'a na yi ka faɗi. Da azumi na haɗa. Ka kuwa faɗi, ban kuma tuba ba har yau. Na gyara gida, na yi waina da miyar taushe, na ce mijina zai dawo. Ka zo ka yi mako uku kana safa da marwa a falo, abinci ba ya shiga, waya na yin ƙara kana zabura. Da suka kira ka, ko kunya ba ka ji ba wajen haɗa jaka. A nan na daina addu'ar. Ka ci na uku, aka ba ka ƙaramin minista mai kula da ruwan noma, ka bugo waya kana murna, na ce Allah Ya taya riƙo, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Yanzu ka ji yadda mutuwarka ta same ni. Ina tsinke alayyafo da hantsi Salim ya bugo. Ya ce zuciyarka ta tsaya a cikin mota, a hanyar wani ƙauye inda za ka yi taro. Ban gama salati ba, wallahi ban gama ba, ya ɗora da cewa kada in yi tunanin tasowa, don mace tana yin takaba ne a gidan da labari ya same ta, wata huɗu da kwana goma ba fita. Salim! Salim da muka zauna gida ɗaya ban taɓa ganin ya riski asuba kafin rana ta fito ba, shi ne ya zama mufti a kaina. Ni 'yar malam ce, na san hukuncin tun kafin ya iya ɗaura wando. Ko bai faɗa ba zan zauna, don Allah na ke yi ba don shi ba. Amma me ya kawo wannan magana a numfashi ɗaya da labarin mutuwar mijina?

Kuma ka ji malaman nan na jam'iyyarka. Hukuncin da ya kulle ni a ɗaki sun haddace shi. Wanda ya ce a gaggauta binne mamaci kuwa ba su taɓa jin labarinsa ba. Kwana biyu suka ajiye ka a cikin ƙanƙara don manya su samu damar isowa daga babban birni. Suka lulluɓe ka da tutar jam'iyya, suka zaga gari da kai a buɗaɗɗiyar mota, ana turereniya ana ɗaukar hoto. A waya na kalla, matan Ardul Liwa sun kewaye ni a kan tabarma suna ba ni haƙuri, ɗaya tana tambaya ko haka ake jana'iza a can.  Wata jarida ta ce ka bar ɗa guda, likita a ƙasar waje, ta yi shiru a nan, kamar daga sama ya faɗo. Wata kuma ta ce matarka Balarabiya ce 'yar Masar mai tsananin kulle. Ni Hajara 'yar Gusau, yau an wayi gari na zama Balarabiya. Ka ga har da sabon asali suka yi mini, ba su tambaye ni ba.

Haruna ya je ya same ka kafin a sa ka a ƙasa, wannan na gode wa Allah. Amma yaron da ya dawo mini ba shi ne ya tafi ba. Sun rataya masa furanni, sun ɗora shi a kan mota, dubban mutane sun kira sunanka suna nuna shi. Ya dawo idonsa yana wani irin ƙyalli da na sani, don na taɓa ganinsa a fuskarka.

Shi da kansa ya gaya mini lissafinsu, don bai iya ɓoye-ɓoye ba tukuna. An sa ranar zaɓe kafin in fita takaba. Baffansa Salim ya ce masa wannan tsari ne daga Allah, don ba wanda zai tambayi dalilin da ya sa uwar ɗan takara ba ta hau dandamali ba, sai ma a yaba da addininta. Ka ji fa? Shekara goma sha ɗaya suna neman uzurin rashina, yau suna cewa ba ni da lafiya, gobe ina jinya, jibi ina kulle. Sai da ka mutu suka samu uzurin da ba mai ja da shi. Zaman da nake yi dominka, ba kwalli ba turare, ina ƙirga wata ina roƙa maka gafara, shi ne ya zama kayan aikin yaƙin neman zaɓe. Wallahi da na ji haka sai da na tashi na sake alwala, don abin da ya zo bakina a kan ƙaninka bai dace da mai takaba ba.

Sannan suka turo fostar a waya. Kai a sama kana ɗaga hannu, Haruna a ƙasa cikin farar riga irin taku. Na daɗe ina kallo kafin in gane ɗana. Sun wanke shi fes, ya yi fari sol, sun rage masa hanci, sun kwantar da gashin. Duk inda na bar alamata a fuskar yaron nan sun bi sun goge. Ya ce wai kuskuren mai buga hoto ne, za a gyara. Na ce injin buga hoto yana iya ƙara haske, amma ban san yana sassaƙa hanci ba. Kai ka san da wannan, ko ba haka ba? Naka hoton ma ai shekara da shekaru suna wanke shi, kana gani kana wucewa.

Ba zan zalunce shi ba, yana da hujja. Ya ce magudanar ruwan da ka fara haƙa wa ƙauyukan gabas ba a gama ba, kuma idan bai tsaya ba ɗan mai yashi ne zai hau kujerar, aikin ya mutu. Ya ce wani tsoho ya tako da ƙafa daga ƙauyensu ya riƙe masa hannu yana kuka, yana cewa kai kaɗai ka taɓa shiga bukkarsa ka sha ruwa. Na yarda. Na san mutanen nan, na san ƙishirwarsu, na ga matansu da tuluna a ka tun kafin a haifi Haruna. Mutanen sun so ka da gaskiya, kuma ka yi musu aiki ko a cikin siyasar, ban hana maka wannan ba. Amma yaron nan saura kaɗan ya gama shekarar horonsa a asibiti. Hannunsa yana da albarka. Tsofaffin Ardul Liwa idan sun je asibiti shi suke nema, don shi ne likitan da za su yi wa bayanin ciwonsu da Hausa ya gane. Wannan ba aiki ba ne? Sai an hau mota an yi ihu ne ake taimakon mutane?

Tambaya ɗaya na yi masa. Na ce idan ya ci, ni kuma na fita takaba, ina ne wurin zamana? Ya sunkuyar da kai. Ya ce baffansa ya ce za a kama mini gida mai kyau a babban birni, nesa da mazaɓar, in riƙa zuwa ziyara, shi kuma yana leƙo ni idan majalisa ta tashi. Yana faɗa yana wasa da makullin hannunsa. Ɗan da na haifa, na goya, na yi jinyar ƙyandarsa a gidan gwamnati mai yoyo, shi ne yake zaune a gabana yana jera mini sharuɗɗan ganinsa. Bai ma tsaya takarar ba tukuna, Di'o. Ko ƙuri'a ɗaya ba a jefa masa ba.

Makon jiya bayan la'asar na ba shi amsa. Na ce a'a. Ban yi masa wa'azi ba, ban yi kuka ba, ban ce zan tsine ba. Na ce ban yarda ba, khalas, magana ta ƙare.

Na shirya wa gardama. Na tanadi amsar kowace magana da zai kawo. Bai kawo ko ɗaya ba. Ya ce to Umma, ya ɗauki waya a gabana ya kira baffansa, ya gaya masa da Urdu, a hankali yadda zan ji kowace kalma, cewa ba zai zo ba, su nemi wani. Ina jiyo ihun Salim daga inda nake zaune. Haruna ya bar shi ya gama, ya yi masa sallama, ya kashe wayar. Ya tambaye ni ko akwai abin da zai sayo mini a waje. Na ce babu.

Tun daga ranar yana gaishe ni da safe a durƙushe, yana cin abin da na dafa, yana cewa an gode. Da can idan ya dawo daga asibiti tun daga matakala nake jin muryarsa, ya shigo ya buɗe tukunya ya ce yau ma gishirin Gusau ya yi yawa, in bi shi da muciya. Yanzu sai dai in ji makulli a ƙofa. Na hana su ɗauke mini shi, ga shi nan a gida, ɗakinsa yana kallon nawa. Amma ya yi mini biyayya ne irin wadda na yi maka, ba musu, ba ɗaga murya, ni kuwa na fi kowa sanin abin da irin wannan biyayya take tarawa a cikin mutum. Wataƙila wata rana shi ma ya zauna ya rubuta mini tasa takardar, lokacin da ba zan iya karantawa ba.

Ban janye ba, kuma ba zan janye ba. Idan na yi kuskure, ka jira ni, in na iso ma yi ta a can. Kafin nan Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya ba ni ikon yafe maka ni ma, don har yanzu ban kai ba.

Sai na zo.

Matarka, uwar ɗanka, ko an rubuta a jarida ko ba a rubuta ba,
Hajara.